Shin kisan Ned Stark da Jan Biki ƙeta ce kawai daga marubuci?

Tambaya: Na karanta A Game of Thrones na George R. R. Martin har inda aka fille kan Ned Stark, sai na ajiye shi don takaici. Abokaina sun riga sun ba ni labarin abin da ya sami ɗansa Robb a wajen biki. Na ga mutane da yawa suna cewa marubucin yana kashe mutanen kirki ne kawai don ya gigita masu karatu. Gaskiya ne? Kuma ya cancanci in ci gaba?

Ɗan'uwa, ba kai kaɗai ka ajiye littafin nan a wannan shafi ba. Tun da ya fito a 1996 mutane suke ajiye shi a nan, yawancinsu kuma su koma su ɗauka bayan zuciya ta huce. Amma ƙorafe-ƙorafen da ake yi a kan jerin littattafan nan ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ka kawo, cewa ana kisa ne don gigitarwa, shi ne ya fi yaɗuwa, kuma a ganina shi ne ya fi rauni. Akwai wasu da suka fi shi ƙarfi, zan zo kansu.

Abin da ya ƙona maka rai ba mutuwar ba ce, yaudarar ce. Martin ya tsara littafin ta yadda kowane babi ana ganin duniya ta idon mutum ɗaya. A littafin farko mutum takwas ne ke da wannan matsayi, kuma Ned ya fi kowa yawan babi, guda 15. Kai kuma, kamar ni, ka tashi da labaran da mai yawan fitowa shi ne gwarzo, gwarzo kuma ba ya mutuwa a tsakiyar hanya. A labaran fada da muka saba ji tun muna yara, mugun bafade yana ƙulla makirci, mutumin kirki ya sha wuya, daga ƙarshe asiri ya tonu, mai gina ramin mugunta ya faɗa ciki. Da wannan tsammani ka shiga littafin. Har ana hawa da Ned kan matakalar babban ɗakin ibada na Baelor kana jiran wani ya zo ya cece shi. Martin ya san kana jira. Shi da bakinsa ya faɗa a hira cewa ya kashe Ned ne saboda kowa ya ɗauka shi ne gwarzon labarin, sannan ya kashe Robb saboda kowa ya ɗauka ɗan zai tashi ya rama wa uban. To a nan abokanka suna da ɗan gaskiya: akwai niyyar karya tsammaninka.

Inda suka kuskure shi ne kalmar "kawai". Kisan da aka yi don gigitarwa kawai shi ne wanda in ka koma baya ba za ka ga daga ina ya taso ba. Na Ned kuwa, koma ka sake bin babukansa na ƙarshe, za ka ga mutum yana rufe wa kansa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Yana matsayin wazirin sarki ya gano cewa 'ya'yan sarauniya Cersei ba na Sarki Robert ba ne. Me ya yi? Ya kira ta ya gaya mata, don tausayin yaran, ya ce ta gudu da su kafin sarki ya dawo daga farauta. Sarki ya dawo da ciwon ajali. A daren nan Renly, ƙanin sarki, ya zo ya ce zai ba shi mayaƙa ɗari su kama yaran kafin gari ya waye, wanda ke riƙe da yarima shi ke riƙe da mulki. Ned ya ce ba zai zubar da jini a gidan Robert yana kan gargara ba, ba kuma zai fizgo yara daga barci ba. Renly ya hau dokinsa ya bar gari. Ma'aji Littlefinger ya ba shi wata shawarar, ta marasa kunya amma mai tsira da rai: ya goyi bayan Joffrey, babban ɗan Cersei, ya riƙe mulki a matsayin mai riƙo. Ya ƙi. Daga nan ya dogara ga wannan ma'ajin dai, mutumin da ya taɓa ce masa kada ya yarda da shi, ya sayo masa dogaran birni su 2,000. Washegari ya shiga fada da wasiyyar sarki a hannu. Cersei ta karɓi takardar ta yayyaga a gaban kowa, dogaran suka juya masu a kan mutanensa.

Wannan wurin yayyaga takarda shi ne zuciyar littafin. Ned ya yi imani cewa gaskiya da hatimin sarki sun isa. Duk wanda ya san tarihin fada ya san ba su isa ba sai da masu riƙe takobi. Mu ma ba sai an je da mu Turai ba. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, naɗi cikakke da izinin Sarkin Musulmi Abdurrahman. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita zuwa Takai da magoya bayansu, a 1894 Aliyu Babba ya shiga birni da yaƙi, naɗin bai hana komai ba. Bahaushen da ya san labarin Basasa bai kamata ya yi mamakin abin da ya sami Ned ba, ko da zai ji zafinsa.

Wani abu kuma da masu fushi kan manta: ba wanda ya shirya kashe shi. An yi yarjejeniya ya amsa laifi a bainar jama'a a kore shi zuwa Katanga, sansanin tsaron iyaka a can ƙarshen arewa, don Cersei ta san kashe shi zai tayar da arewa gaba ɗaya. Joffrey, yaro sarki da bai kai shekara 14 ba, shi ne ya ga taron jama'a, kansa ya kumbura, ya ce a kawo masa kan. Uwar ta yi ƙoƙarin hanawa, ba ta iya ba. Wato masu makircin ma makircinsu ya kuɓuce musu. Ni a wajena wannan ya fi kisan kansa ban tsoro, kuma ya fi kama da yadda mulki yake.

Martin bai ƙago irin wannan ba daga kansa. Ya sha faɗa cewa yaƙin gadon sarautar Ingila tsakanin gidan York da gidan Lancaster, daga 1455 zuwa 1485, shi ne babban abin da ya ɗebo daga ciki, sunayen Stark da Lannister, gidan su Cersei, ma ba su ɓoye hakan ba. Richard na York ya riƙe ƙasa a 1454 lokacin da Sarki Henry na Shida ya samu taɓin hankali, ya yi ta fafatawa da sarauniya Margaret wadda maƙiyanta ke raɗe-raɗin ɗanta ba na sarki ba ne, aka kashe shi a Wakefield a Disambar 1460, aka kafa kansa a ƙofar birnin York da rawanin takarda don izgili. Ɗansa Edward, ɗan shekara 18, ya ɗauki yaƙin, ya ci nasara a Towton a 1461. Sannan a 1464 ya yi abin da Robb ya yi: ya auri Elizabeth Woodville a ɓoye alhali babban mai goya masa baya, Warwick, yana can yana nema masa aure a gidan sarautar Faransa. Warwick ya juya masa baya, Edward ya rasa karaga a 1470. Bambancin shi ne Edward ya dawo a shekara mai zuwa ya ƙwace abinsa, ya mutu a kan gadonsa yana sarki. A nan tarihi ya fi Martin sassauci, kuma duk mai cewa "haka tarihi yake" ya kamata ya san wannan.

Tunda an riga an ɓata maka labarin Jan Biki, wato bikin da aka kashe Robb a cikinsa, bari in yi magana a kansa a fili. Yana cikin littafi na uku, A Storm of Swords, na shekarar 2000. Martin ya ce shi ne babi mafi wuya da ya taɓa rubutawa, har ya tsallake shi ya gama sauran littafin kafin ya dawo kansa, kuma ya samu wasiƙu daga mutanen da suka ce sun yi wurgi da littafin, ba za su ƙara karanta shi ba. A Yunin 2013 da tashar HBO ta nuna wannan wuri a shirin talabijin da aka yi da littattafan, waɗanda suka karanta littafin suka riƙa kafa kyamara a ɓoye suna ɗaukar fuskokin 'yan'uwansu da ba su sani ba, YouTube ya cika da ihu da kuka. Shekara 13 masu karatu suna riƙe da sirrin.

Me ya sa wannan ya fi na Ned zafi? Ba yawan gawa ba ne, yaƙe-yaƙen littafin sun fi shi gawa. Amana ce aka ci. Martin ya ɓata shafuka da yawa yana koya maka cewa a wannan duniya wanda ya ci burodinka da gishirinka a ƙarƙashin rufinka ya haramta gare ka, ko da maƙiyinka ne. Catelyn, uwar Robb, ta san tsoho Walder Frey mai riƙo ne, ɗanta kuma ya saɓa alkawarin auren 'yarsa. Shi ya sa suna shiga ta roƙi a kawo musu abin taɓawa, aka kawo, suka ci, hankalinta ya ɗan kwanta. Naka ma ya kwanta. Mu da muke cewa baƙonka Annabinka ba ma buƙatar a yi mana bayanin girman abin da aka keta. Amma dubi yadda aka jera alamu a gabanka: kyarkecin Robb ya ƙi shiga ƙofa yana gurnani, 'ya'yan gidan Frey da ke ƙaunar Robb duk ba sa wajen bikin, amarya, 'yar Frey da ake aurar wa kawun Robb a madadinsa, tana ta kuka fiye da kukan amare, makaɗa suna kiɗa marar daɗi mai tsananin ƙara, don ba makaɗa ba ne, maharba ne. Sai Catelyn ta kama hannun ɗaya daga cikin 'yan gidan, ta ji sulke a ƙarƙashin rigar siliki. Daga wannan taɓawa zuwa ƙarshen babin shafuka kaɗan ne. Kafin nan kuma Robb ya riga ya rasa mayaƙan Karstark saboda ya fille kan shugabansu, ya rasa gidansa na Winterfell saboda ya aiki abokinsa Theon neman goyon baya wajen uban Theon ɗin duk da gargaɗin Catelyn, Theon kuma ya juya ya ƙwace gidan. Bai taɓa shan kashi a fagen fama ba, amma duk wata shawara ta siyasa sai da ya faɗi.

Shi kuwa Jan Biki daga tarihin Sikotland Martin ya samo shi, kamar yadda ya faɗa. A 1440 an gayyaci shugaban gidan Douglas, yaro ɗan shekara 16, da ƙaninsa cin abinci da Sarki James na Biyu mai shekara 10 a fadar Edinburgh, daga kan abincin aka fitar da su aka kashe. A Fabrairun 1692 kuma sojoji ƙarƙashin wani ɗan gidan Campbell suka sauka a gidajen mutanen MacDonald a Glencoe, aka ciyar da su kusan mako biyu, da asuba suka tashi suka kashe masu masaukinsu wajen mutum 30.

Akwai wani martanin masu karatu da ni yake ba ni haushi, shi ne tsanar da ake yi wa Sansa, 'yar Ned, da Catelyn. Za ka ji ana cewa Sansa ce ta kashe ubanta don ta je ta gaya wa sarauniya cewa za a mayar da su gida. Yarinya ce 'yar shekara 11 da aka rena da waƙoƙin jarumai, aka ce mata za ta auri yarima. Ubanta, babban mutum, ya riga ta kai wa sarauniyar sirrin da ya fi wannan girma. Mutanen da ke zagin Sansa su ne kuma za ka ga sun yafe wa Jaime Lannister, ɗan'uwan Cersei, wanda ya tura yaro ɗan shekara bakwai daga tagar hasumiya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: daga littafi na uku an ba Jaime babukansa, an shigar da mu cikin kansa, mun ji dalilin da ya sa ya kashe tsohon sarki, sai muka fara ba shi uzuri. Wannan gwanintar marubuci ce, kuma ya kamata mai karatu ya lura lokacin da ake yi masa ita. Sansa kuwa, in ka daure da ita, za ka ga ita ce ta koyi abin da ubanta ya kasa koya: yadda ake zama a fada baki yana yabo, zuciya tana lissafi.

Yanzu ƙorafe-ƙorafen da nake ganin suna da tushe. Na farko, batsa da fyaɗe. Ka riga ka ga somin-taɓi a littafin farko, da alaƙar Cersei da ɗan'uwanta da auren Daenerys tana da shekara 13, kuma abin ba raguwa yake ba a gaba. Martin ya kare kansa da cewa fyaɗe yana cikin kowane yaƙi da aka taɓa yi, kuma a rubuta yaƙi babu shi ƙarya ne. Akwai gaskiya a nan. Amma tsakanin a nuna abu ya faru da a tsaya ana zayyana shi akwai tazara, kuma wurare da dama ya tsaya fiye da yadda labarin ke buƙata. Hujjar "haka zamanin yake" ma ba ta cika ba. Margaret Beaufort ta haifi Henry na Bakwai tana da shekara 13 a 1457, gaskiya ne, amma haihuwar ta kusa kashe ta, ba ta ƙara haihuwa ba, kuma ba haka aka saba yi ba ko a gidajen sarauta. Sannan manyan Turai na wancan zamani masu tsoron coci ne da lahira, suna gina wuraren ibada don neman gafara, akwai kotuna da majalisa. Manyan Westeros kuwa, ƙasar da labarin ke faruwa a cikinta, yawancinsu addini bai dame su ba. Martin ya ɗebi muguntar zamanin ya bar abubuwan da ke taka mata birki. Haka mutanen Dothraki, da aka ce an gina su a kan makiyayan dawaki irin Mongol: masana tarihi sun soki yadda aka mayar da su masu kisa da fyaɗe kawai, ba kiwo na kirki, ba sana'a, ba doka. Wanda ya ajiye littafin don waɗannan dalilai, ko don addininsa bai ba shi natsuwar karanta irin wannan ba, ba ni da abin da zan ce masa.

Na biyu, kuma shi ne ya kamata ka auna sosai kafin ka ci gaba: labarin bai ƙare ba. Littattafai uku na farko sun fito cikin shekara huɗu. Na huɗu, A Feast for Crows, sai 2005, kuma da ya fito babu babukan manyan 'yan labarin uku, Tyrion ƙanin Cersei da Jon da Daenerys, domin rubutun ya yi yawa aka raba shi gida biyu. A ƙarshensa Martin ya rubuta cewa yana fatan ɗaya rabin zai fito shekara mai zuwa. A Dance with Dragons bai fito ba sai 2011, mutanen da ake gani ta idonsu sun haura 15, zare ya yi yawa a hannun masaƙi. An yi alkawarin littattafai bakwai. Shirin talabijin ya wuce littattafan ya ƙare a 2019 da ƙarshen da fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake shi. Martin yakan ce shi marubuci ne irin mai lambu, yana shuka ya ga abin da zai tsiro, ba mai zanen gini ba. Wannan hali shi ya ba mutanensa rai, shi ne kuma ya sa reshe ya yi ta fitar da reshe. Ba na cikin masu zaginsa don jinkiri, mutumin an haife shi a 1948, ba bawan kowa ba ne. Amma mai karatu da ya ba da lokacinsa ga dubban shafuka yana da damar ya ji an bar shi a tsakiyar kogi.

Shawarata: ka koma ka gama na farko, saura kaɗan ne, kuma babin ƙarshe zai nuna maka cewa labarin ya fi Ned faɗi. Ka karanta na biyu, inda Tyrion ya zama Hannun Sarki, wato waziri. A nan za ka ga kishiyar Ned, mutumin da abu na farko da ya yi shi ne cire shugaban dogaran da ya ci amanar Ned ya sa nasa, sannan ya gaya wa fadawa uku labari uku daban-daban don ya ga wanne zai isa kunnen sarauniya. In siyasar fada ce ta kawo ka, wannan ne littafinka. Na uku shi ne ƙololuwa, kuma bayan Jan Biki akwai wani bikin da zai ɗan sanyaya maka zuciya, ba zan ce komai a kansa ba. In ka tsaya a nan ba ka yi asara ba, yawancin rigimar gidan Stark da gidan Lannister ta kai wani matsayi. Na huɗu da na biyar kuwa sai in ka ji kana son ƙasar kanta, ba wai kana son ka san wa zai hau karaga ba.

In kuma kai mai son labarin da ke da ƙarshe ne, nemi Les Rois maudits na Maurice Druon, littattafai bakwai da suka fito tsakanin 1955 da 1977, waɗanda Martin kansa ya ce sun riga nasa a wannan fage. Labarin Sarki Philippe na Huɗu na Faransa ne da 'ya'yansa uku da suka hau karaga ɗaya bayan ɗaya, daga 1314 zuwa 1328, duk suka mutu ba su bar ɗa namiji da ya rayu ya ci gaba da sarautar ba, abin da ya buɗe ƙofar Yaƙin Shekara Ɗari da Ingila. Akwai guba, akwai zina a fada, akwai ma'aikatan banki 'yan Italiya masu ba sarakuna bashi, babu dodanni. An fassara su zuwa Ingilishi, wanda kuma ya yi karatunsa a Nijar zai karanta su da Faransancinsu na asali.